Gwangwanin Tasi'u Turbo

Wani mutum ne a Kaduna ana ce masa Tasi'u Turbo. Jar mota gare shi mai ƙofa biyu, amma bakinsa ya fi ta gudu. In ya zauna a majalisar mai shayi, sai ka ji shi: "Jiya daga Kawo zuwa Zariya, wallahi shayin da na bari ko hucewa bai yi ba na dawo!"

Mutum ɗaya ne ba ya raga masa, Mahadi, mai wata baƙar mota. Ran nan musu ya yi zafi, aka tsayar da magana: ranar Lahadi za su kara a titin bayan gari. Wanda ya sha kashi zai wanke motar ɗan'uwansa a gaban majalisa, da singileti.

Tasi'u ya buga ƙirji. "Akwai abin da na yi oda daga waje. In na ɗaura shi, sai dai ku ji labarina."

Abin ya iso. Wani gwangwani ne mai sheƙi kamar sabon kwanon amarya, aikinsa tare tururin baƙin mai kada ya koma cikin inji. Tasi'u ya rungume shi sai garejin Oga Haladu bakanike.

Aka gwada shi a dama, ya tokari batir. Aka mayar hagu, tiyonsa na gogar fanka, kar-kar-kar! Gurbi ɗaya ya rage, can gaba kusa da lagireto. Ya zauna daram. Aka sauke bonet, ƙwam! Ya ƙi rufuwa.

"Tasi'u, wannan ba na motarka ba ne," in ji Oga Haladu. "Ya yi tsawo. Kansa na dukan ƙugiyar da ke riƙe bonet."

"To a cire ƙugiyar mana!"

"Ni? Ba da hannuna ba."

Tasi'u ya tuna ya riga ya watsa hoton gwangwanin ga duk 'yan majalisa. Ya fizgi sifana, ya kwance ƙugiyar da kansa. Ya samo robar tayar keke, ya ɗaure bonet ta ciki, tamau.

Ranar Lahadi jama'a suka yi dafifi. Wani ya leƙa ya ce, "Turbo, ya na ga bakin motarka a ɗan buɗe?"

"Numfashi take. Inji mai ƙarfi ba a toshe masa hanci."

Aka ɗaga hula, aka sauke. Vuuum! Suka fita. Ba a je ko'ina ba Tasi'u ya ga bonet ya fara rawa, fat-fat-fat. Ya ɗage ƙafa daga totur. Ya ƙara ɗagewa. Mahadi kuwa tuni ya zama ɗigo. Tasi'u na cikin salati sai ga tirela ta taho ta ɗaya hannun, fuuu! Iskarta ta bugo. Roba ta ce tas! Bonet ya tashi ya mari gilashi, bam!

Duniya ta zama ja. Tasi'u ya zuro kai ta taga yana ihu, ya taka birki, mota ta gangara ta tsuguna a cikin kwata, tsulum.

Kafin ya fito, 'yan majalisa sun iso a kan babura. Mahadi ma ya juyo. Tasi'u ya kakkaɓe wando, ya ga idanu sun yi masa caa. Nan take bakin ya dawo aiki.

"Kun gani ko? Ƙarfi ne ya yi yawa! Ina taɓa ɗari biyu da arba'in, ƙarfen ya kasa jurewa. Ba don haka ba, da Mahadi ko ƙurata ba zai gani ba!"

Wasu har sun fara gyaɗa kai. Sai wani dattijo ya kutso cikin taron. Ɗan adaidaita sahu ne, ga kekensa can a gefe an labta masa buhunan albasa har rufi.

"Sannu, yaro. Allah ya kiyaye gaba. Kai ne mai jar motar?"

"Ni ne, Baba. Ka ga gudun, ko? Gaya musu!"

"Na gani mana. Tun daga gada nake bayanka, ina ta danna maka hon ka matsa in wuce."

Majalisa ta tarwatse da dariya, har da masu riƙe ciki. Mahadi ya goge hawaye, ya buɗe but ɗin motarsa, ya ɗauko bokiti da soso ya ajiye a gaban Tasi'u.

"Turbo, tuɓe riga. Wannan ma a hankali za ka yi, babu mai danna maka hon."