Ranar da Na Tuɓe Takalmi a Kan Dutse

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar bazara ba, ko da na so in manta, domin matata da abokaina sun ɗaukar wa kansu aikin tuna mini ita.

A lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Jigawa ba, ni kuma ina koyar da motsa jiki a wata sakandare a Birnin Kudu. An taɓa tura ni wani ɗan gajeren kwas a Jos, inda na ga mutane da hankalinsu suna zuba abinci da ruwa a jaka su hau duwatsu, ba don akuyarsu ta ɓata ba, sai don kawai su sha iska su kalli gari daga sama. Abin ya shiga raina. Na dawo gida da zumuɗi ina cewa ai mu ma Allah ya ba mu duwatsu, har da zanen shanun mutanen da a jikin kogo, kuma tunda mun samu jiharmu, nan gaba kaɗan baƙi za su riƙa yi mana tururuwa. Na kafa ƙungiyar hawan dutse a tsakanin malamai. Ni ne shugaba, ni ne sakatare, ni ne mai busa usur. (Masu zuwa kullum ba za su cika tasi ɗaya ba, kuma rabinsu gurasar da ake tafiya da ita ce take kawo su.)

Mutanen gari kuwa kallonmu kawai suke yi. Akwai wata tsohuwa da take shanyar barkono a gindin dutsen da muke hawa. Wata rana ta kasa haƙuri ta ce, “’Ya’yan nan, wai me ya ɓace muku ne a can sama? Kullum Asabar kuna nema, har yau ba ku gani ba?”

Ban kula ta ba. Ina da kayan aikina: gajeren wando, safa mai kauri, da wani ƙaton takalmi sau-ciki da na sayo a gwanjo, mai igiya kamar ta guga. In na saka shi ji nake babu kamata a faɗin ƙaramar hukumar.

To, a daidai wannan lokacin nake neman auren Saude, ’yar Malam Ɗahiru na Gwaram. Malam mutum ne mai makarantar Islamiyya, mai ƙarancin magana, wanda ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na je zance na hango shi a ƙofar gida, tun daga nesa nake kashe babur in tura shi. Kawuna ya riga ya je ya nema mini izini, Malam ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike. Amsarsa kawai muke jira, kuma ina son yarinyar nan ƙwarai, har abinci ya daina yi mini daɗi. Ita ma ba ta kwantar mini da hankali ba. Ta ce, “Baba fa ba ya son rawar kai. An gaya masa kana tara manyan mutane kuna hawan dutse kuna busa usur. Har ya tambayi Inna ko lafiyarka ƙalau.”

Na yi dariyar yaƙe na ce ai ilimi ne na zamani. Ta ce to, Allah ya sa ya gane.

Ranar da abin zai faru mun makara a saman dutse, saboda abokina Bulus, malamin kimiyya, ya zo da kyamarar aro, kowa yana so a ɗauke shi yana nuna gari da yatsa. Ba mu fara saukowa ba sai da rana ta take tsaka. Zafin ranar nan ko ƙadangaru sun nemi mafaka. Ni ne a gaba kamar kullum, usur a wuya, ina ba da umarnin inda za a sa ƙafa. Ina zagayo wani dutse, daidai bakin kogon da muke hutawa in mun sauko rabi, sai na ga dattawa biyu zaune a kan buzu a cikin ’yar inuwa, ga buta a gefe. Ɗaya Alhaji Sambo ne, wani dattijon unguwarmu. Ɗayan kuwa farin gemunsa kawai na gani, na gane Malam Ɗahiru ne.

(Daga baya na ji cewa Malam ya zo wajen Alhaji Sambo ne, tsohon abokinsa, yana tambayar halina. Alhaji ya ce masa gani ya kori ji, ya tashi su je ya ga yaron da idonsa. Tun da hantsi suka lallaɓa suka hau suka zauna jiranmu.)

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ake yi in an yi kiciɓis da suruki: ka cire takalmi, ka tsuguna daga nesa, ka sunkuyar da kai. Ba tunani ake yi ba, jiki ne yake yi da kansa. Haka na sunkuya na fara kokawa da igiyar takalmin nan, dattawa suna kallona, igiya tana ƙara ƙullewa. Da ƙyar na zare shi, na cire safa ita ma don ladabi ya cika, na jera su gefe. Sannan na tsuguna a kan falalen dutse, cikin rana, ina jan ’yar rigata ko za ta rufe mini gwiwa. Ba ta rufe ba.

Da farko ban ji komai ba, kunya ta danne. Na ce, “Allah gafarta Malam, barka da zuwa. An zo lafiya?”

“Lafiya lau. Matso inuwa mana.”

“A’a Malam, nan ma ya isa.”

A nan ne tafin ƙafata ya fara ba ni labari. Dutsen nan tun safe yake shan rana, ya zama tandar waina. Malam ya tambayi aiki, na ce da godiya. Ya tambayi mahaifina, ya tambayi kawuna, ya tambayi mutanen Basirka inda kakata take. Ina amsawa ina ɗaga ƙafar dama a ɓoye, in sauke ta in ɗaga ta hagu. Alhaji Sambo ya dube ni ya ce, “Kai ɗan nan, an ce ka matso.”

Na ce, “Wallahi Alhaji nan ya fi mini daɗi.” Har da rantsuwa.

Na ɗauka an zo ƙarshe, saura a sallame ni. Sai na ga Malam ya gyara zama ya ɗaga hannu biyu ya ce, “To, tunda Allah ya haɗa mu a nan, bari mu yi addu’a.” Ya lumshe ido.

Wanda ya san addu’ar malaman Gwaram ya san ba a gaggawa. Ya fara da iyaye, rayayyu da matattu. Ya shiga malamai da ɗalibai. Ya roƙa mana damina mai albarka, ya roƙa wa sabuwar jiha zaman lafiya da shugabanni nagari. Ni kuwa amin ɗina tana ƙara sauri tana ƙara ƙarfi, har ta fara riga addu’ar isowa. Gumi yana zuba ta haɓata. Na gwada tsayawa a kan yatsu, yatsu suka ƙi. Na koma dunduniya, ita ma ta ce ba da ita ba. A can sama ina jin abokaina sun tsaya cak, sun yi tsit, babu mai iya saukowa ya ratsa addu’a. Ina gaya wa kaina, ka daure, Saude ce, ka daure.

Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Malam yana cikin roƙa wa matafiya sauka lafiya, sai kawai na ji wata ƙara ta fito daga bakina, “Wayyo Allah ƙafata!” Ban san lokacin da na daka tsalle ba. Na dai buɗe ido na gan ni tsaye tsam a tsakiyar buzun Malam, da gajeren wando, gwiwata daidai gemunsa, usur yana lilo a ƙirjina. A garin tsallen na shuri takalmi ɗaya, ya gangara yana tambul har gindin dutse.

Malam bai katse addu’arsa ba. Ya ƙarasa a natse, ya shafa, sannan ya dubi ƙafafuna a kan buzunsa, ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, “To, ga shi dai ka matso.”

Ya turo mini butarsa ya ce in zuba wa ƙafar. Daga sama na ji dariyar Bulus ta ƙwace, sauran suka taya shi. Alhaji Sambo ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Da ƙasa tana tsagewa a ranar, da na shige ban waiwayo ba. Haka na sauko, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da safa biyu. Na tarar da ɗaya takalmin kwance a cikin barkonon tsohuwar nan. Ta miƙo mini shi ta ce, “Au, dama wannan kuke nema?”

Ƙafafuna suka yi bororo, na yi kwanaki ina koyar da guje-guje daga kan kujera. Amma ciwon da ya fi damuna ba a ƙafa yake ba. Na tabbata na rasa Saude. Mutumin da aka ce ba ya son rawar kai, na je na yi masa rawar a kan buzunsa. Na daina zuwa Gwaram, ko hanyar tasha ba na bi.

Ana nan sai ga kawuna a kan babur, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ya zauna, ya sha ruwa, ya ja mini rai yadda ya so, sannan ya ce Malam ya kira shi.

“Ya ce in gaya maka ya ba ka. Wai wanda ya cire takalmi a kan dutsen nan yana da kunya, wanda kuma ya yi tsalle yana da sauran hankali. Ya ce da ka zauna har ƙafar ta soyu, da bai ba ka ba, don shi ba zai ba wa wawa ’yarsa ba.”

Sai hawaye suka zubo mini. Kawu ya ce in share, ai ba a gama da ni ba, akwai sharaɗi: kada in sake zuwa gabansa da wannan wandon.

Ƙungiyar hawan dutse ba ta ga damina ba, baƙin da na yi wa alkawari ma har yau muna jiransu. Ni da Saude kuwa mun aurar da ’ya’ya. Har Malam ya koma ga Allah, duk ranar da na je gaishe shi na sunkuya zan cire takalmi, sai ya shafa ƙasa da tafin hannunsa ya ce, “Bismillah, yau da sanyi.”

Abin da na koya bai da yawa. Kunyar suruki wajibi ce, ban ce a daina ba. Amma kafin ka tuɓe takalmi ka fara taɓa ƙasa, kuma in babba ya ce ka matso, ka matso tun da ƙafarka, kada ka bari sai dutse ya kai ka.