Baƙon Da Bai Kwana Lafiya Ba

A wani gari da ake kira Sai-Godiya, ba a taɓa samun wanda ya kwana da damuwa ba. Wannan ba zancen shaci-faɗi ba ne. An tambayi kowa. Kullum da safe ana tambaya, kuma kowa cewa yake lafiya lau.

Maigarin, Mai Girma Kwantar-da-Hankali, mutum ne mai son jama'arsa. Ya kafa Majalisar Jin Koke, ya zuba mata manya. Akwai Sarkin Ruwa, akwai Sarkin Hanya, akwai kuma Wakilin Gobe, wanda aikinsa kawai ya miƙe a ƙarshen kowane zama ya ce a dawo gobe. Sannan ya gina otal a tsakiyar gari, tsakanin tashar mota da layin masu injin niƙa, ya raɗa masa suna Barci-Mai-Daɗi. Doka ta ce duk mai koke nan zai sauka ya huce, don kada ya shiga Majalisa da fushi. Kowace safiya Manaja zai zaga ɗakuna ya gaishe da baƙi, ya je ya faɗa wa Majalisa yadda ya same su. Wanda aka samu da matsala, sai a kira shi.

Ba a taɓa kiran kowa ba.

Ana nan sai ga Nomau daga ƙauyen Tungar Ƙetare. Gadarsu ta karye, damina ta kusa, asibiti kuma yana hayin rafi. Matarsa Dije na da tsohon ciki. Mutanen ƙauyen sun zaɓe shi ne don ba ya ɓoye magana. Shi ne ya taɓa gaya wa surukinsa a bainar jama'a cewa akuyarsa ɓarauniya ce.

Manaja ya tarbe shi da hannu biyu. Doguwar riga fara tas, murya kamar zuma.

"Maraba da babban baƙo! Duk ɗakunanmu na manya ne. Ga mukulli."

"Na wane ɗaki ne?"

"Na kowanne, ranka ya daɗe. Mu nan ba ma nuna bambanci."

Ɗakin yana da komai. Akwai famfo, in ka murɗa sai ya yi tari ya hura maka iska. Akwai fanka, tana juyawa in ka hau kujera ka tura ta da hannu. A cikin na'urar sanyaya ɗaki tattabaru sun yi sheƙa har sun ƙyanƙyashe. Talabijin na nuna fuskar Maigari yana murmushi ba ƙiftawa. Nomau ya matsa kusa, ya ga ashe hoto ne aka manna da ƙaro. Janareta na ruri a bayan taga, amma wutarsa ta allon sunan otal ce kaɗai, don mutanen gari su riƙa gani suna alfahari.

Gari ya waye masa da kumburarren ido. Kuɗin cizo sun yi rabon bayansa, sauro ya ɗauki fuska. Sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Ƙofar ta buɗe da kanta, don dama ba ta rufuwa. Manaja ya russuna.

"Malam Nomau, barka da asuba. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya gajiyar hanya?"

"Ba gajiya."

"Ya baƙunta?"

"Sai alheri."

"To madalla."

"Af, Manaja, famfon nan fa..."

Manaja ya riga ya kai ɗaki na gaba.

A wajen karin kumallo aka ba shi shayi. Babu madara, babu sukari, ganyen ma an ce yana hanya. A nan ya haɗu da maƙwabcin ɗakinsa, wani tsoho mai suna Baba Cindo, yana kurɓar ruwan zafinsa cikin natsuwa.

"Samari, na ji ka ta bango," in ji tsohon. "Ka amsa da kyau. An ga tarbiyya."

"Baba, ai gaisuwa ce kawai. Maganar na nan tafe."

"Ta riga ta tafi. Yanzu haka yana gaban Majalisa yana cewa baƙon Tungar Ƙetare lafiyarsa lau, ba gajiya, sai alheri. Da bakinka ka faɗa. Wa zai kira mai lafiya?"

Nomau ya ajiye kofi. "Kai yaushe ka zo?"

"Gashina baƙi ne lokacin. Rijiyarmu ce ta rufta."

"An gyara?"

"Ƙauyen ya tashi. Amma ni an aiko ni, ba zan koma hannu wofi ba."

"To me ya hana ka ce masa ba ka kwana lafiya ba?"

Baba Cindo ya dube shi kamar ya zagi liman. "Dattijo ya russuna ya gaishe ka, ka ce masa me? Kullum nakan yi niyya. Mutumin nan ya iya gaisuwa, samari."

Nomau ya fita kasuwa neman ruwan wanka. Kasuwar Da-Sauƙi ake kiranta. Rumfuna wayam, mai tumatir na gadin kwando ɗaya da ƙudaje suka fi shi iko da shi. Nomau ya ce, "Ya kasuwa?" Mutumin ya ce, "Da godiya." Wani mai babbar riga da ke tsaye a gefe ya gyaɗa kai ya wuce. Aka ce Sarkin Kasuwa ne, ya gama zagayen yau.

Nomau ya koma ɗaki ya tsaya gaban rabin madubin da ya rage. Ya yi ta gwaji. "Ban kwana lafiya ba. Ban kwana lafiya ba." Har tattabaru suka fara amsa masa.

Da safe Manaja ya zo, wannan karon har da durƙuso.

"Ɗan manya, jikan manya. An tashi lafiya?"

"Ban... lafiya lau."

Bayan fitarsa Nomau ya mari kansa.

Washegari ya sake dabara. Ya ɗaure haɓa da rawani, ya cusa ƙyalle a baki. In baki ba ya motsi, ba zai ci amanarsa ba. Manaja ya gaishe shi, shiru. Ya sake gaishe shi, shiru. Shirun ya yi tsawo har ya zama abin kunya. Sai murya ta ratso bango.

"Lafiya lau ya tashi, Manaja! Ka yi haƙuri, yaro ne!"

"To madalla," in ji Manaja.

Nomau ya zare ƙyallen. "Baba! Wa ya aike ka?"

"Ba zan iya jin an bar gaisuwa a ƙasa ba, samari. Jikina rawa yake."

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Silin ya zubo masa a kan gado. Aka ba shi tawul, ya ga tabon man gyaran mota a jiki. Wani baƙo ya shigo da mukullinsa ya kwanta, suka yi ta ba juna haƙuri. Kowace safiya lafiya lau.

Rannan da hantsi ya samu inda waya ke kamawa, a kan tankin ruwan otal, wanda babu abin da ke cikinsa sai ƙadangaru. Ya kira gida.

"Dije, ya jikin?"

"Da sauƙi."

Ya ji numfashinta ya sarƙe. Ya ji ta dafa wani abu don ta tsaya, kwano ya faɗi.

"Dije, tsakaninki da Allah."

"Da sauƙi, maigida. Hadari dai ya haɗu jiya ta gabas. Kai ya wajen naku?"

Ya buɗe baki zai ce lafiya lau, sai ya kashe wayar.

Da gari ya waye bai jira a ƙwanƙwasa ba. Ya fito tsakar otal, gaban baƙi da ma'aikata. Manaja ya taho da fara'arsa.

"Malam Nomau, an tashi lafiya?"

Nomau ya runtse ido, ya damƙe hannu.

"Ban tashi lafiya ba."

Tsintsiya ta faɗi daga hannun mai shara.

"Ban kwana lafiya ba, ban wuni lafiya ba. Gajiya kuwa akwai ta. Ba ruwa, ba wuta, ƙwari sun cinye ni, gadarmu ta karye, matata ta kusa haihuwa. Je ka faɗa."

Baba Cindo ya toshe kunne yana salati. Manaja ya nemi kujera ya zauna, ƙafarta ta karye.

Kafin azahar labari ya game gari. Kasuwa ta tashi, ko da yake ba a ga bambanci sosai ba. Mata suka janye 'ya'yansu daga bakin titin otal. 'Yan kamasho a tasha, waɗanda ashar ce sallamarsu, suka ce su kam ba su taɓa jin rashin kunya irin wannan ba.

Majalisa ta yi zaman gaggawa. Sarkin Ruwa ya ce ƙarya ne a ce babu ruwa a otal, in damina ta sauka kowane ɗaki zai samu ta sama. Sarkin Hanya ya ce gadar da ta karye ta daina zama hanya, don haka ta fita daga hannunsa. Wani ya kawo shawarar a binciko uwar da ta haifi mutumin. Wakilin Gobe ya miƙe zai yi aikinsa, Maigari ya ɗaga hannu.

"Doka doka ce. An samu mai matsala. A kawo shi."

Aka zo da Nomau. Bai yi wanka ba, rigarsa duk farar ƙasar silin. Baba Cindo na biye da shi a nesa, rabi kunya, rabi sha'awa. Zauren Majalisa ya cika maƙil, har ta taga ana leƙe. Nomau na tafe yana jera maganarsa a zuci. Gada. Damina. Asibiti. Dije. Ba zai tsaya kwana-kwana ba. Ya riga ya yi mai wuyar.

Ya zaci zai tarar da fushi. Ya shirya wa fushi.

Sai Maigari ya sauko daga kujerarsa. Tsoho ne ashe, ɗan ƙarami, furfura fes, ya fi hoton talabijin kyan fuska. Ya tako a hankali har gaban Nomau, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ƙi saki.

"Kai ne na Tungar Ƙetare? Ɗan wa?"

"Ɗan Jatau maƙeri, ranka ya daɗe."

"Allahu akbar. Jatau! Na sha furar gidanku ina saurayi. Mutumin kirki, bai taɓa ɗaga wa babba murya ba. Allah ya jiƙansa."

"Amin, ranka ya daɗe." Nomau bai san lokacin da ya durƙusa ba.

Maigari ya sunkuyo, ya dafa kafaɗarsa, ya yi ƙasa da murya kamar uba da ɗansa.

"Sannu da hanya, ɗana. Sannu ƙwarai. Ya ka baro mutanen gida?"

Waɗanda ke baya ba su ji abin da Nomau ya ce ba. Sun dai ga Maigari ya miƙe yana murmushi, ya juya wajen Majalisa.

"To madalla," in ji shi.