Yadda Ake Rabon Manyan Baƙaƙe a Ofis Ba Tare da An Tura Ka Ƙauye Ba

Ya kai mai buga takardun Turanci a ofishin gwamnati, bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka yi ritaya a kujerarka, ƙarƙashin fanka. Na tsamo su ne daga abin da ya sami maƙwabcina Elisha na Gwallameji, wanda ya shekara tara yana buga takardu a wata ma'aikata a nan Bauchi.

1. Manta da makaranta

Malaminka ya ce babban baƙi na farkon jimla ne da sunan mutum ko gari. Allah ya saka masa, amma bai taɓa aiki ƙarƙashin darakta ba. Elisha ya riƙe karatun nan kamar addini. Da aka ba shi tsarin walimar ban kwana da babban sakatare, sai ya buga kalmar darakta da ƙaramin baƙi a tsakiyar jimla. Kafin azahar Darakta Abdulsalam ya kira shi, ya tambaye shi wanda ya aiko shi ya ci masa mutunci, ya kuma tuna masa cewa ofishinsu na ƙauye can bayan Zungur na neman ma'aikaci. Ga shi yaran Elisha uku a gari suke makaranta, matarsa Comfort kuma da ƙyar ta samu shagon ɗinki.

2. Auna mutum

Babban baƙi kamar naman walima yake, gwargwadon faɗin riga ake raba shi. Mai mota da direba, zuba masa manya tun daga Alhaji har sunan kakansa. Mai zuwa aiki a keke, baƙin farko ya ishe shi. Masinja kuwa ya gode Allah da aka tuna da shi.

3. Kada ka kuskura ka yi adalci

Tsoro ya sa Elisha ya sake buga takardar, ya ba kowa manyan baƙaƙe, daga babban sakatare har Baba Yero maigadi. A ganinsa ya kashe wutar. Darakta ya sauke tabarau ya dube shi.

"Wato ni da maigadi tsawonmu ɗaya ke nan?"

Ka riƙe wannan: babba bai cika damuwa da girmansa ba, ƙanƙantar na kusa da shi yake dubawa.

4. Bar littafi a gida

Washegari bawan Allah ya zo da tsohon littafinsa na Turanci, ya buɗe shafi, ya ce Turawan ma da kansu haka suka tsara. Darakta ya tambaye shi ko Turawan ne ke sa hannu a takardar ƙarin girmansa.

5. Buga abin da aka miƙo maka

Ran Litinin aka ajiye masa rubutun hannu a tebur, takardar canjin wurin aikinsa ce zuwa bayan Zungur. Babu wani mai buga takarda a ofishin, don haka shi ya buga abarsa. Muƙamin darakta ya fito manya tsaf, sunan Elisha kuma ya lafe a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Wallahi ya ba ni tausayi. Darakta ya karanta har sau biyu, ya gyaɗa kai.

"Ka ga yanzu ka iya Turanci," ya ce, sannan ya sa hannu.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan aka kuma ɗaura masa kaya a mota, babu ruwana, kada matarsa ta zo min gida da kuka. Wataƙila naka daraktan mai son a ja masa layi ne a ƙarƙashin suna, wannan fannin kuwa ban karanta shi ba.