Rasuwar Dattijo, Furosesan Kwamfutata

Da zuciya cike da baƙin ciki, da takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'ar haɗa bidiyo rasuwar Dattijo, furosesan kwamfutar shagona, wato ƙwaƙwalwarta. Ya rasu yana tsaka da haɗa bidiyon bikin ƙanwar matata, wanda surukata ke jira tun kafin lallen amarya ya goge.

Marigayin ba mai sauri ba ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Idan na ba shi aiki sai in sha shayi, in yi aski, in dawo yana nan yana fama. Amma bai taɓa sandarewa a gaban kwastoma ba. Da safe "tit" ɗaya zai ce, fankarsa ta amsa da "huuu", shi ke nan har yamma.

Lafiyarsa ƙalau. Ajalinsa ƙanin matata ne, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Shi ya zauna mini a shago, wai sai na sauya Dattijo, yana auna kamfanonin furosesa biyu: wai mai baƙin kwali, dangin marigayin, ba ya ba da kunya amma akwai tsada, mai farin kwali kuwa ga araha ga gudu, sai dai zafin rai. Muka kwashe makonni muna gardama har na gaji na sayi mai farin kwalin. Duk cikinmu babu wanda ya tambaya ko zai shiga gurbin tsohon.

Ranar sauyi, man da ke tsakanin Dattijo da fankarsa ya bushe ya manne su. Injiniya ya fizga da ƙarfin tsiya, Dattijo ya fito da 'yan siraran ƙafafunsa na ƙarfe a lanƙwashe. Aka gwada sabon, ya ƙi zama, ashe allon cikin kwamfutar ba na gidansu ba ne. Sai Injiniya ya koma miƙe ƙafafun marigayin da reza. Biyu suka karye. Muka kunna, babu ko "tit". Har yanzu yana cewa rabon marigayin ne ya ƙare. Ina jin haushinsa, amma na fi jin haushin kaina, don ni na riƙe masa tocila.

Marigayin ya bar fanka ɗaya, da linzamin kwamfuta mai ciwon dannawa, da magajin da ke kwance a kwalinsa, wanda ya sayar mini ya ƙi karɓarsa tunda an ɓare. Ya kuma bar bidiyon biki da ya tsaya daidai inda surukata ta tashi za ta yi jawabi.

Za a binne shi gobe a aljihun tebur na ƙasa, kusa da matattun caja. An roƙi Injiniya kada ya taɓa gawar. Masu ta'aziyya su biyo ta ƙofar baya, su ƙwanƙwasa a hankali. Surukata tana zaune a ƙofar gaba, kuma na ce mata saura kaɗan.