Tif ɗin Bature da Man Shanun Inna

Ba zan taɓa mantawa ba, wata Juma'a ce a tsakiyar damina, shekarun nan da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasa, kowa na ganin gobe ko jibi zai zama Alhaji. Ni dai abin da ya iso hannuna daga arzikin nan duka, tif ɗin keke ne guda biyu, wato robar nan ta cikin taya mai riƙe iska. Yau ga ni da furfura da ciwon gwiwa, amma in na tuna ranar sai in kasa haɗa ido ko da akuya.

Lokacin ina leburanci a kamfanin da ke shimfiɗa kwalta a wajen Birnin Kudu. Akwai wani Bature injiniya mai siririn keke, kamar an zare masa nama an bar ƙashi. Da yamma sai ya sa gajeren wando ya bi sabuwar kwalta, ba kasuwa za shi ba, ba gaisuwar mutuwa ba, ya je ya dawo kawai. Da ya tashi komawa ƙasarsu, kukunsa Malam Audu, wanda muke hira da shi, ya miƙo mini wani abu a naɗe.

"Ungo, na cikin taya ne. Maigida ya ce da ruwan itace zalla ake yin sa, ba irin baƙin nan naku ba."

Na warware. Launinsa kamar hanjin rago da aka wanke tas, ga laushi, kuma ka ɗora shi a tafin hannu ka rantse ba ka riƙe komai ba. Na garzaya wurin Tanko mai faci. Ya ja, ya shinshina, ya dube ni.

"Wannan ai kayan masu kuku ne, Malam. Kullum sai ka ba shi iska, kamar mai ba doki dawa. Ga tayarka ta fi shi faɗi. Ka zauna da baƙinka mana, shi da jaki halinsu ɗaya, ba sa ƙorafi."

Na ce, "Tanko, kai dai sa. Hassada ba ta hana ruwa sauka."

Ya yi dabararsa ya sa, gaba da baya.

To, gaskiya ɗaya ce. Ban taɓa jin abu irin wannan ba, kuma har yau ban sake ji ba. Kekena tsoho ne, baƙi, mai nauyin tsiya, amma ran nan da na hau kwalta sai ya daina zama keke. Babu gargada, babu ƙara, sai wani ɗan sauti siriri kamar ana yaga sabon yadi can nesa. Duwatsun garinmu suka riƙa wucewa a hankali kamar shanu masu kiwo. Na ji kamar ba taka feda nake ba, hanyar ce take janye kanta daga ƙarƙashina. Har waƙa na yi (ni da ko kiran sallah ba a ba ni saboda murya).

Washegari da safe na tarar da tayoyin sun yi laushi. Na sa famfo. Gari ya sake wayewa, haka. Babu huji, babu ƙaya, iskar ce kawai take sulalewa kamar baƙon da ba ya son sallama. Ba na son Tanko ya ji, sai na zauna na yi tunani da kaina, kuma daga nan bala'in ya faro.

Na tuna marigayi babanmu. In gugan fata ya bushe ya fara yoyo, mai yake shafa masa, ƙofofin su toshe, ya koma sabo. Na ce to, ai wannan ma fata ce, ta itace. Bushewa ce ke damun sa, ya baro ƙasar sanyi ya zo ta rana. Na lallaɓa ɗakin Inna na ɗebo man shanu, na fito da tif ɗin, na murje shi ciki da bai kamar mai gyaran amarya, na mayar. Na yi ta yin haka 'yan kwanaki. (Ba wanda ya gaya mini cewa mai shi ne ajalin irin wannan roba. To wa na tambaya?) Kuma wallahi a idona har ya fi kyau, sai sheƙi yake.

Ana cikin haka aka sa ranar ɗaurin auren yayana Habu a Gwaram. Danginmu duk za su tafi tun Alhamis a mota. Saura goro da alewa, waɗanda mai kawowa daga Kano ya ce ba za su iso ba sai safiyar Juma'a. Kawu Sale, wanda shi ne wakilin ango, ya ce a ba direban motar kasuwa. Na yi wuf na ce ni zan kai.

"A keke? Kai, ka san nisan Gwaram kuwa?"

"Kawu, wannan ba keken da ka sani ba ne. Kafin liman ya gama naɗa rawani na iso."

Ya dube ni. "Mutanen nan ba su san mu ba, da goron nan za su auna mu. In bai iso ba, kai ma kada ka iso."

Da hantsi na ɗaure kwandon goro a kariyar bayan keke, alewa a samansa, na kama hanya. Ruwa ya sauka da asuba, garin ya yi luf. Gero ya kai ƙirji hagu da dama, kore shar, ƙasa na ƙamshi. Balbelu suka tashi daga bayan wani garke suka bi ni ta sama, na ce ai sun gane ɗan'uwa. Wasu mata masu tallan nono suka tsaya suna kallona, na saki hannu ɗaya na gyara hula. A raina har na riga na iso: ga mutane sun miƙe, ga surukan Habu suna tambaya wane ne wannan saurayi, ga Kawu yana cewa ai ɗanmu ne. Har na hango kaina na bar leburanci, an ba ni masinja a ofis, da kaki da hula. Inda kwalta ta ƙare aka shiga jar hanya ma ban sauko daga gajimaren ba.

Rana ta ɗaga, ta fara cizo. Can na fara jin ƙamshin man shanu yana bi na. Na ce ko wata ruga ce a kusa. Aka jima tayar baya ta fara wani tsalle, dum, dum, dum. Na waiwaya, sai na ga wani abu ja-ja ya leƙo ta wata tsohuwar tsaga a gefen taya, kamar harshe. Mai hankali sauka zai yi ya rage iska ya tura. Ni kuwa na hango rufin kwanon Gwaram na ƙyalli, na ce haba, abin da ya kawo ni nan ai ya ƙarasa da ni.

Na iso an sauko daga masallaci, ƙofar gidan amarya cike, manyan riguna jere a kan tabarmi, ni kawai ake jira. Na hango Kawu a tsaye yana leƙen hanya. Maimakon in sauka daga nesa in yi sallama kamar ɗan mutane, sai na ƙara wuta, ina kaɗa ƙararrawa, don in zo in yi birki a gabansu.

Tau!

Kamar an harba bindigar toka. Wani tsohon soja da ke zaune a gefe ya kwanta rub da ciki. Liman ya dafe rawani. Ni kuwa keke ya yi gabas, na yi yamma, na dira da haƙarƙari a bakin tabarma. Igiya ta tsinke, kwando ya kife, goron Kano fari da ja ya bazu yana gangarawa cikin taɓo, wani har cikin kwata. Awakin unguwa suka zo ɗaurin aure ba gayyata.

Sai mahaifin amarya, dattijo mai sanyin magana, ya taso ya tsuguna a gaban tayar. Ya ja abin da ya rage na tif ɗin, ya biyo hannunsa kamar danƙo, yana naso. Ya kai hanci.

"Ikon Allah. Samari, wa ya yi wa keke miya?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma ina kwance a ƙasa, bakina ya ce, "Baba, bushewa yake yi, shi ne na shafa masa."

Dariyar da aka yi, har mata daga cikin gida sai da suka leƙo. Wani mutumin ƙauyen Dingaya ya ce, "A kawo tuwo mana, tunda mai ya iso!" Tsohon sojan ya tashi yana kaɗe riga yana zagina ƙasa-ƙasa. Kawu bai yi dariya ba. Kallo ɗaya ya yi mini, na ji da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

Aka kawo ruwa a ƙwarya, ni da ango muka durƙusa muna tsince goro muna wankewa, shi da sabuwar rigarsa ta shadda. An ɗaura aure, alhamdu lillahi. Amma mai rabon goro sai da ya riƙa cewa, "A goge kafin a ci, jama'a," kuma duk wanda ya ɓara sai ka ji tsakuwa ta yi ƙaras. Kawu bai amsa gaisuwata ba sai bayan kaka. Keken kuwa a saman mota ya koma gida, Tanko ya sa mini baƙin tif bai ce uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Matar Habu yanzu har da jikoki. Amma duk ranar da na je gidansu ta ajiye mini tuwo, sai ta tsaya da ludayi a hannu ta ce, "Ƙanena, a zuba maka man, ko a ajiye wa keke?"

Yaran yanzu masu sababbin kekuna kan tambaye ni ko irin wannan tif ɗin ya cancanci wahalarsa. Nakan ce ya cancanta, in kana da kwalta, da lokacin yin famfo kullum, kuma ba ka ɗauko komai ba sai kanka. Daɗinsa gaskiya ne, na ɗanɗana. Amma in za ka tashi sama, ɗana, ka tashi kai kaɗai. Kada ka tashi da goron mutane.