Gandun Lod Tanimu a Ingila

Wani mutum ne a Funtuwa, Tanimu, akawu a kamfanin auduga. Sati biyu kacal aka tura shi kwas Ingila, amma yau shekara uku bakinsa bai dawo gida ba.

"Ku daina ce min Malam," in ji shi a majalisa. "Lod ake cewa! Kun san su waye Lod kuwa? Manyan gidaje ne, ƙasarsu tun kaka da kakanni, shekara ɗari bakwai tana hannun zuri'a ɗaya. Barewa dubu, tafki uku, ɗakuna kuwa in ba ɗan jagora sai ka ɓata. To a irin wannan gandu aka yankar min rabona. Da takarda, da hatimi!"

Abin da ba ya faɗa shi ne, yawon buɗe ido aka kai su gidan wani Lod. A shagon tsaraba na bakin ƙofa ya sayi takardar, tsakanin kofuna da alewa. Ya ga sunansa da ruwan zinare, kansa ya fashe, bai tsaya karanta ƙananan rubutun ba.

Ana haka ya mato a kan Baraka, wata malamar makaranta, bazawara, wadda manema suka yi wa caa. Don ya kere su duka, Tanimu ya bugi ƙirji ya ce sadakinta rabin gandunsa na Ingila.

Waliyyinta, Kawu Sallau, tsohon safiyo ne, shekara talatin yana awon filaye. Ya ce, "Madalla. Amma sadaki sai an san girmansa. A kawo takardar."

Ranar Asabar zauren Kawu ya cika maƙil. Tanimu ya iso cikin kwat, yana rungume da takardar a firam. Kawu ya maƙala tabarau, ya karanta. Ya ce, "Uhm." Ya sake karantawa.

"A miƙo min tef ɗina."

Tanimu ya ƙyalƙyale. "Haba Kawu, tef? Ai wannan awon sai da jirgin sama!"

Kawu ya karɓi tef ɗinsa. Ya fita ƙofar gida, jama'a suka bi shi ɗuu. Ya durƙusa, ya auna, ya sa tsinke ya zana ɗan murabba'i a ƙasa, bai kai faifai ba.

"Bismillah, ranka ya daɗe. Shiga gandunka."

"Wane gandu?"

"Ƙafa ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya faɗi. Haka Turawanka suka rubuta, ga shi nan a ƙasan takardar."

Tanimu ya leƙa ɗan zanen. "Wannan... wannan ai bakin ƙofa ne kawai."

"A'a, ɗana. Da barewar da tafkin duk suna ciki. Taka mu gani."

Ido ya yi masa yawa, ba yadda zai yi. Ya ɗaga sawu ya ɗora.

"Kai, kai, kai!" in ji Kawu. "Ja dunduniyarka, ka shiga gonar maƙwabci!"

Wuri ya ɓarke da dariya, har wani tsoho ya faɗi yana riƙe ciki. Kawu kuwa ko murmushi. Ya sa tsinken ya ja layi a tsakiya, tsaf.

"To, ga na Baraka, ga naka."

Sai aka ji muryar Baraka daga bayan ƙyaure, a hankali, kamar mai jin tausayi.

"Kawu, a mayar masa da rabina. Mutumin da takalminsa ma ke kwana a waje, ina zai ajiye mata?"