Sunan Surukina a Babin Gandu

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a da bakina ya jawo mini abin da har gobe ake ba da labarinsa a Utai, garin surukaina, ba. Duk wadda take auren ɗan wani ta gyara zama, don ita ce za ta fi jin zafin abin.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a nan Wudil, aji uku, yara sun fi ƙarfin benci. Sai wata hukuma ta buɗe jarrabawar ɗaukar jami'an walwalar jama'a. Masu nema tuli, guraben kuwa ba su taka kara sun karya ba. Bayan Turanci da lissafi da kowa zai rubuta, akwai darasi ɗaya da mutum zai zaɓa da kansa, ya rubuta, sannan a yi masa tambayoyi da baki a kai. Abokan aikina duk Hausa suka ɗauka ko addini. Ni kuwa uwar iyayi na ce soshiyoloji zan yi, wato ilimin zamantakewar jama'a, alhali rabona da shi tun wani kwas a kwalejin horon malamai (shi ma da ƙyar na haye).

Maigidana, Abban Halifa, ya tambaye ni me ake koya a ciki. Na ce yadda mutane suke zaune da juna: aure, zumunci, gado, wa ke faɗa a ji. Sai ya ce, "To ai wannan gulma ce mai satifiket." Na yi dariya a baki, na ƙulla a ciki. Daga ranar maganar ta wuce neman aiki kawai, ta zama sai na nuna wa mutumin nan.

Ni ba na iya karatu da ido shiru. Hadda na iya, irin ta Islamiyya, da murya. Kuma Turancin littattafan nan ba ya shiga kaina sai na juya shi da Hausa, na sa mutanen da na sani a ciki. Don haka na ɗauki tambayoyi da muryata a waya, in toshe kunnuwana da iyafis, ina aikin gida ina amsawa kamar ina gaban masu intabiyu. Maƙwabcinmu yana da injin niƙa a jikin katangarmu, ƙararsa ta rufe mini asiri, sai in buɗe maƙogwaro son raina.

Yanzu ku fahimci abu ɗaya. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa furta sunan surukina ba. Baba ne kawai. Ɗana ma sunansa ya ci, shi ya sa ake ce masa Halifa, ko a asibiti aka tambaye ni sunan yaron sai in miƙa kati. Ita kuwa Inna, uwar mijina, ba ta taɓa kiran sunan Abban Halifa ba, ɗan fari ne, "yaron nan" take ce masa har da furfurarsa a gemu. Duk wannan na san shi kamar yunwar cikina, har ma akwai shi a littafin, an yi masa suna mai tsawo.

Makon nan ina kan babin iyali, yadda manyan gidaje suke watsewa. Misalin da ya fi zauna mini shi ne gandun Baba a Utai, inda a da 'ya'ya suke noma a ƙarƙashin uba, a ci daga rumbu ɗaya. Ran Juma'a Baba da Inna sukan shigo cin kasuwa, su biyo ta gidanmu bayan an sauko daga masallaci. Ranar kuwa, da yake rabon a yi ne, tun hantsi suka iso. Baba ya zauna a zaure da abokansa biyu suna jiran ruwan alwala, Inna ta shigo ciki. Mai niƙa kuma ya kashe injinsa ya tafi wanka. Ni ina tsakar gida na ba wa ƙofa baya, hannu cikin kumfa, kunne a toshe, ina ta kwarara bayani:

"Mu ɗauki Haruna. Haruna ne maigida, shi ke riƙe da rumbu, Asabe ke rabon hatsi. Amma da Auwalu ya yi boko ya kama aikin asibiti, ƙannensa suka bi shi birni, sai gandu ya watse. Yanzu Haruna ya rage shi kaɗai da gona, ikonsa ya zama na baki kawai!"

(Na rubuta sunayen nan, na Baba da Inna da maigidana, sau ɗaya don ku gane girman ɓarnar. Kada a ƙara tambayata.)

Na miƙe zan yi shanya, sai ga Inna tsaye da ƙullin kuka da daddawa a hannu. Ashe ta yi sallama har ta gaji. Na fizge igiyar iyafis ɗin, sai na ji unguwar tsit, ba inji ba dalilinsa. Daga zaure wani ya yi gyaran murya, irin wanda ba na majina ba. Na zube a kan gwiwa cikin ruwan wanki, na buɗe baki zan yi gaisuwa, sai wayar da na cire wa igiya ta ci gaba da magana a fili, da muryata rangaɗaɗau: "Tambaya ta gaba. Bayyana matsayin uwar miji a cikin gida."

Inna ta dubi wayar, ta dube ni, ta ce, "Amsa mana, 'yar nan. Muna ji."

Wallahi na roƙi ƙasa ta tsage, amma siminti ne, mu muka biya aka shafe. Ko ruwa ba su sha ba suka tafi.

Da yamma Abban Halifa ya dawo fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Ya ce Inna ta yanke hukunci: ko in bar karatun tonon asirin nan in ɗauki Hausa kamar kowace 'yar mutunci, tunda ba a rufe canjin darasi ba, ko in haƙura da jarrabawar gaba ɗaya. Shi ma yana bayanta, don abokan Baba sun riga sun kai labari kasuwa. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, na kunya da na haushi a haɗe. Amma da na share hawaye na ce masa laifin baki na yarda na yi, magana zarar bunu ce, zan je in durƙusa in ba da haƙuri ko sau nawa ne. Darasi kuwa ba zan canja ba. Ba soshiyoloji ne ya kira sunan Baba ba, ni ce. Kuma ban kwashe watanni ina hadda ba don in koma aji uku saboda mai niƙa ya tafi wanka.

Ran Lahadi muka tafi Utai da goro. Mun tarar da Baba a ƙofar gida yana sa wa fartanya sabuwar ƙota. Na durƙusa can nesa, na ja mayafi har hanci. Inna ta fito ta zayyano laifuffukana tun daga shekarar da aka kawo ni (ashe ita ma tana nata nazarin zamantakewar). Baba bai ɗago ba sai da ta gama.

"Rabon da in ji mace ta kira sunana gatsau tun mahaifiyata tana raye," in ji shi. "Saura kaɗan in amsa."

Ba wanda ya yi dariya. Ya juya fartanyar a hannunsa, ya ce ƙarya dai ban yi ba, gona ce ga ta can, ƙarfi kuma ya tafi. Sannan ya tambaye ni, tunda littafin nawa ya san yadda gandu yake watsewa, me ya ce ake yi wa tsohon da aka bari shi kaɗai. Na saci kallon Abban Halifa, kansa yana ƙasa yana tonon ƙasa da tsinke. Tausayin tsohon ya kama ni sosai, amma bakin nan nawa ba ya jin bari.

Na ce, "Baba, ban kai wannan babin ba tukuna. In aka sa na canja darasi kuwa, ba zan taɓa kaiwa ba."

Inna ta yi salati. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce, "A bar ta ta kai."

Na rubuta jarrabawar, ko tambaya ɗaya ba ta fito a kan gandu ba, kuma Allah ya ba ni aikin. Littafin na karance shi kaf, babin da Baba ya tambaya babu shi, marubutan suna kawai suka iya sa wa ciwo. Sai na rubuta nawa: duk Asabar ɗin damina da asuba nake tashin Abban Halifa da Halifa, in haɗa su da kunu, su kama hanyar Utai. Yana dawowa ya nuna mini kantar fartanya a tafin hannunsa, in tuna masa gulma ce mai satifiket.

Inna har yau "mai kiran suna" take ce mini, na kuma amsa. Abin da na koya dai shi ne, in za ki yi nazarin mutane da ƙarfi, ki bar kunne ɗaya a buɗe, kuma kada ki dogara da injin maƙwabci.